Daga Ɗakin Fansa zuwa Dutsen Azurfa: Tafiyata a Ƙasar Inka

Kahamarka garin madara da cuku ne. Yana kwance a wani kwari mai ɗanyar ciyawa a arewacin Peru, mita 2,750 sama da teku, shanu na kiwo har bakin gari, mata kuma na zaune gefen titi da dogayen malafunansu farare suna sayar da cuku da dafaffiyar masara. Wanda bai san labari ba zai ratsa dandalin tsakiyar garin, ya ga majami'u biyu da masu wankin takalma, ya wuce abinsa. Ni kuwa wannan dandali ne ya sa na hawo jirgi daga Lima, domin a nan ne, ranar 16 ga Nuwamba 1532, Sifaniyawa 168 suka kama Atawalpa, sarkin Inka da ke mulkin miliyoyin mutane.

Na fara da wurin ruwan zafi da ke bayan gari, tafiyar kilomita shida, wanda suke kira Wankan Inka. Ruwan na ɓulɓulowa daga ƙasa yana tururi, da sassafe da ƙyar kake ganin na gabanka, mutanen gari na biyan kuɗi kaɗan su shiga ɗakunan wanka da iyalansu. A nan Atawalpa ya yada zango da rundunar da aka ƙiyasta ta kai mutum 80,000. Mahaifinsa, Wayna Kapak, ya mutu wajen 1527 da wata cuta da masana da dama ke ganin agana ce, wadda ta riga Sifaniyawan da suka kawo ta isowa. Ta tafi da sarki, ta tafi da wanda ake sa ran zai gaje shi, sai 'ya'yansa biyu, Waskar a Kusko, babban birnin daular, da Atawalpa a arewa wajen Kito, suka shiga yaƙin gadon sarauta. A daidai lokacin da baƙin ke hawowa duwatsu ne jarumawan Atawalpa suka kama Waskar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bango kuwa ya tsage tun daga sama har ƙasa.

Daular da ake rigima a kanta ba ƙarama ba ce. Masu ita na kiran ta Tawantinsuyu, ta miƙe daga kudancin Kolombiya ta yau har tsakiyar Cile. Ba su da doki, ba su da baƙin ƙarfe, lissafinsu da igiyoyi masu ƙulle-ƙulle suke yi, amma sun shimfiɗa hanyoyi na sama da kilomita 30,000 a kan duwatsun da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau, sun jera rumbunan gwamnati cike da masara da busasshen dankali da tufafi saboda shekarar fari. Kuma ba waliyyai ba ne. Da yaƙi suka ci ƙabilu, sukan tashi al'umma guda su mayar da ita wata ƙasa mai nisa. Kanyari da Wanka da Cacapoya na da tsohon miki a zuciya, shi ya sa da baƙi suka zo suka ba su dubban mayaƙa da masu ɗaukar kaya. Duk labarin da ya ce mutum 168 kaɗai suka ci daular, ya bar waɗannan dubban a baya.

An sake wa dandalin fasali, amma wurin ɗaya ne. A wancan zamani dogayen zauruka masu ƙofofi da yawa ne suka kewaye shi, a cikinsu jagoran Sifaniyawan, Francisco Pizarro, ya ɓoye mahaya 62 da dakarun ƙasa 106. Ɗaya daga cikinsu ya rubuta daga baya cewa ya ga 'yan'uwansa na sakin fitsari a tsaye don tsoro ba su ma sani ba. Atawalpa ya shigo da yamma liƙis a kan karagar da manyan fadawa ke ɗauke da ita a kafaɗa, da dubban mutane cikin kayan ado, akasarinsu ba makami. Wani fada, wato limamin Kirista, mai suna Vicente de Valverde ya fito da gicciye da littafin addu'a, ya ce masa ta bakin tafinta ya karɓi addinin Kirista ya yi mubaya'a ga Sarkin Sifaniya. Atawalpa ya karɓi littafin, ya jujjuya shi, ya yar a ƙasa. Sai aka buga igwa, dawakai suka fito da ƙararrawa a wuya. Kafin duhu ya rufa an kashe dubbai. Masu ɗauke da karaga ana sare musu hannu suna tallafe ta da kafaɗa, in wani ya faɗi wani ya shiga gurbinsa. Masu gudu suka ture katanga da ƙirjinsu. Ba Basifane ko ɗaya da ya mutu.

Kirarin yaƙin da suka yi a ranar shi ne "Santiyago!", sunan waliyyin da kakanninsu suka yi ƙarnoni suna kira a yaƙinsu da Musulmin Andalus. Shekara 40 cif ke nan da faɗuwar Garnaɗa a 1492, kuma da wannan ido suka kalli sabuwar ƙasar, har wuraren bautar Inka masallatai suke kiran su a rubuce-rubucensu na farko. Daga baya a Kusko na ga zanen waliyyin a kan farin doki da takobi zare. A Sifaniya masu rawani ake zanawa ƙarƙashin kofaton dokin, a nan kuwa mutanen Inka ne.

Ginin Inka ɗaya tak ya rage a Kahamarka, ɗan taku kaɗan daga dandali, ana ce masa Ɗakin Fansa. An yi masa rumfa don kada ruwan sama ya ci dutsen. Na tsaya bakin igiyar da aka gitta ina kallon jan layin da aka ja a bango, daidai inda hannun mutum zai kai in ya yi ɗage. Atawalpa ya lura da abin da idon baƙin ke bi, ya yi alkawarin cika ɗaki da zinariya sau ɗaya zuwa wannan tsayi, da azurfa sau biyu. Masana da yawa na ganin wannan ɗaki shi ne inda aka tsare shi, ba wanda aka cika da zinariyar ba, amma girman ya isa ya nuna wa mutum abin da ake magana. Wata da watanni ana shigo da kaya a kan lama, dabbar dakonsu mai kama da ƙaramin raƙumi, da kafaɗun mutane: tuluna, faranti, siffofin tsuntsaye da na zangarniyar masara, da allunan zinariya da aka ɓamɓaro daga bangon ɗakin bautar rana na Kusko. Aka hura wuta aka narkar da su, aka samu zinariya kimanin tan 6 da azurfa kusan tan 12. Kowane mahayi ya tashi da zinariya wajen kilo 40 da azurfa ninki biyu, na ƙasa rabin haka, aka ware wa Sarkin Sifaniya humusinsa. Aikin maƙeran ƙarnoni ya koma sanduna masu hatimi. Da aka gama rabo, ranar 26 ga Yuli 1533, suka fito da Atawalpa dandali za su ƙone shi da rai. Ya yarda aka yi masa baftisma don a sassauta, sai aka shaƙe shi da igiya.

Direban da ya zagaya da ni ya ce in ina son ganin ɗakin fansa na yanzu, in ɗaga kai in dubi arewa. Ƙasa da kilomita 50 daga gari akwai mahaƙar Yanakoca, wadda ta fara fitar da zinariya a 1993, ta kuma zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Kudancin Amurka. A watan Yuni na 2000 wata babbar mota da ta ɗauko zaiba daga mahaƙar ta zubar da kilo 151 a kan hanya, mafi yawa a ƙauyen Coropampa. Mutane suka ga abu na ƙyalli suka kwashe da hannu da cokali suka kai gida, ɗaruruwa suka kamu da guba. Da aka zo faɗaɗa haƙa zuwa Konga, inda za a taɓa tafkuna huɗu na kan tudu, manoma suka tashi, aka kashe mutum biyar a watan Yuli na 2012. Wata manomiya, Máxima Acuña, ta ƙi tashi daga gonarta duk da duka da shari'a, har ta samu lambar yabo ta Goldman a 2016. A bangayen ƙauyuka na ga rubutun da ya fara koɗewa, direban ya fassara mini: ruwa muke so, ba zinariya ba. Bayan shekara 30 ana kwasar zinariya, jihar Kahamarka na nan cikin mafiya talauci a Peru.

Kusko ta tarbe ni da ciwon kai. Mita 3,400 ba wasa ba ne, hawa bene ɗaya sai ka tsaya ka nemi numfashi, ruwan alwalar asuba kuma kamar an narkar da ƙanƙara. Masu masauki suka ba ni shayin ganyen koka, ya ɗan taimaka. Da na samu kaina na shiga lunguna, kuma a nan ne mutum ke karanta tarihin da tafin hannunsa. Kusan kowane bango a tsohon gari hawa biyu ne: daga ƙasa zuwa sama da kai baƙaƙen duwatsu ne da aka sassaƙa aka haɗa ba siminti ba laka, ko reza ba ta shiga tsakaninsu, daga nan zuwa sama kuma farin ginin Sifaniyawa da barandar katako. Na bi gefen dutsen nan mai kusurwa 12 da ido, kowace kusurwa ta zauna daram cikin maƙwabcinta. A Korikanca, ɗakin bautar rana da aka kwashe wa zinariya don fansar Atawalpa, an ɗora majami'ar Santo Domingo a kan harsashin. Girgizar ƙasa ta 1650 da ta 1950 sun rugurguza ginin sama, bangon Inka mai lanƙwasa bai ko motsa ba.

Babbar majami'ar dandali an gina ta a kan fadar wani sarkin Inka, da duwatsun da aka jawo daga ganuwar Saksaiwaman, kuma 'yan ƙasa ne suka yi dakon. A ciki akwai zanen jibin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa, wanda wani mai zane ɗan ƙasa, Marcos Zapata, ya yi a ƙarni na 18. A tsakiyar teburin ya ajiye gasasshen naman da mutanen nan ke ci a ranar biki, wanda jama'a ke cewa ɓeran Masar ne. Abin ya burge ni ƙwarai. An hana su addininsu, an kwashe gawawwakin sarakunansu da suke fitowa da su a bukukuwa an kai Lima a ɓoye, amma duk inda suka samu kafa sai sun cusa nasu.

Ba su miƙa wuya cikin sauƙi ba, ko da yake ba a cika ba da wannan ɓangare na labarin ba. Pizarro ya shiga Kusko a Nuwamba 1533 ya naɗa wani matashin ɗan sarki, Manko Inka, don ya zama sarkin jeka-na-yi-ka. 'Yan'uwan Pizarro suka sa masa mari a ƙafa, suka wulaƙanta shi, ɗayansu ya ƙwace masa mata. A 1536 ya sulale ya tara mayaƙa sama da 100,000 ya yi wa garin ƙawanya, suna jefa duwatsu masu zafi da majajjawa har rufin ciyawar garin duka ya kama wuta. Sifaniyawa ƙasa da 200 ne a ciki, da mataimakansu 'yan ƙasa. Na hau Saksaiwaman na tsaya gindin duwatsun da wasu sun fi tan 100, inda dutsen majajjawa ya fasa kan Juan Pizarro. A Olantaitambo na ga gonaki hawa-hawa da Manko ya jera maharba a kai, da filin da ya sako wa ruwan kogi har dawakai suka kafe, ya kori Hernando Pizarro. Daga baya ya ja da baya zuwa dajin Bilkabamba, shi da 'ya'yansa suka riƙe ƙaramar daula har 1572, shekarar da aka kamo na ƙarshensu, Tupak Amaru, aka fille masa kai a dandalin Kusko a gaban dubban mutane masu kuka. Su kuwa masu cin ƙasar sun riga sun cinye junansu: Hernando Pizarro ya sa aka kashe Almagro, abokin yayansa Francisco, a 1538, magoya bayan Almagro suka kashe Francisco Pizarro a gidansa na Lima a 1541.

Wanda ya ba da umarnin fille kan Tupak Amaru shi ne Francisco de Toledo, wakilin Sarkin Sifaniya daga 1569 zuwa 1581, kuma a ganina ya fi Pizarro illa nesa ba kusa ba. Pizarro ɗan fashi ne da ko sunansa bai iya rubutawa ba, ya kwashi abin da ya tarar. Toledo ma'aikaci ne mai alƙalami da rajista. Ya zagaya ƙasar ya ƙirga mutane, ya tashi sama da mutum miliyan ɗaya daga ƙauyukansu ya tara su a sababbin garuruwa masu dandali da majami'a, inda mai karɓar haraji da fada za su same su a sauƙaƙe. Sannan ya ɗauki tsohon tsarin aikin gayya na Inka, mit'a, ya mayar da shi aikin tilas a ramin azurfa. Daga 1573, larduna 16 za su riƙa tura ɗaya bisa bakwai na mazajensu, 'yan shekara 18 zuwa 50, zuwa dutsen azurfa na Potosi, a Boliviya ta yau, duk shekara, kimanin mutum 13,500. Wasu kuma aka tura su Wankabelika haƙar zaibar da ake tace azurfar da ita. Dattawanmu da suka ga ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun san irin wannan kira, sai dai nasu bai wuce 'yan shekaru ba, na nan kuwa sai 1812 aka soke shi. Ga agana, ga ƙyanda, ga yunwa, ga ramin haƙa. Masanin tarihi Noble David Cook ya ƙiyasta mutanen Peru sun faɗo daga kimanin miliyan 9 kafin zuwan Sifaniyawa zuwa kimanin 600,000 a 1620.

A kasuwar San Pedro ta Kusko na zauna kan benci wajen wata dattijuwa mai sayar da dankali. Ta baza shi kashi-kashi, akwai ja, akwai baƙi, akwai shunayya, akwai mai ƙulle-ƙulle kamar citta, ga kuma farin busasshe mai sauƙi kamar alli, wanda ake shanyawa a sanyin dare a tattake da ƙafa ya yi shekaru bai lalace ba. Dankalin da ake nomawa a tudun Filato daga waɗannan duwatsu kakanninsa suka fito. Na ce mata "mamita" kamar yadda na ji kowa na faɗa, ta ce mini "papa" tana dariya, ta ƙara mini gyara. Da maƙwabciyarta Kecuwa, harshen Inka, take yi, amma da jikarta ta zo daga makaranta sai ta juya zuwa Sifaniyanci. Mai yi mini jagora ya ce haka iyayensa suka yi masa, suka hana shi harshen don kada a yi masa dariya a makaranta ko a ofis, sai da ya girma ya koma ya koya. Ƙidayar 2017 ta nuna mutum kusan miliyan 3.8 ne Kecuwa ke harshen uwarsu a Peru, amma sai a Disamba 2016 gidan talabijin na ƙasa ya fara labarai da shi, sai kuma 2019 aka samu wadda ta kare kundin digirin digirgir da shi a Jami'ar San Marcos, jami'ar da aka kafa tun 1551.

Macu Picu, tsohon garin Inka da ke kan dutse, ta kai yadda ake faɗa, Sifaniyawa ba su taɓa isa wurin ba shi ya sa take tsaye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yan dakon da na gani a tashar Olantaitambo, gajeru, da takalman tayar mota, kowanne da buhun da ya fi shi tsawo, ɗauke da tanti da tukunyar gas da kujerun baƙin da za su bi tsohuwar hanyar Inka. Jikokin waɗanda suka shimfiɗa hanyar ke nan. Ana sayar wa baƙo labarin wata al'umma da ta ɓace, alhali ga ta nan a gabansa tana ɗauke da kayansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga Kusko na bi mota kudu, hanyar da 'yan ɗiban Potosi suka riƙa bi da ƙafa, da matansu da 'ya'yansu da lamarsu, tafiyar da kan ci wata biyu. Mun tsaya a Tinta. A wannan yanki ne wani hakimi ɗan ƙasa mai fataucin alfadarai, José Gabriel Condorcanqui, wanda ya ɗauki sunan kakansa Tupak Amaru, ya gaji da kai ƙara Lima a kan ɗiban Potosi ba a saurare shi ba. A Nuwamba 1780 ya kama gwamnan lardi, Antonio de Arriaga, ya rataye shi a Tungasuka, ya yi shelar soke aikin tilas da 'yanta bayi baƙar fata. Matarsa Micaela Bastidas ce ke riƙe da abinci da makamai da wasiƙu, kuma ita ce ta yi ta matsa masa ya faɗa wa Kusko tun kafin a kawo ɗauki. Ranar 18 ga Mayu 1781, a dandalin nan dai na Kusko, aka sa shi ya kalli kisan ɗansa da matarsa, aka yanke masa harshe, aka ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa a jikin dawakai huɗu. Jikin ya ƙi rabewa, sai aka fille kansa. Aka rarraba gaɓoɓinsa garuruwa, aka haramta tufafin sarautar Inka da hotunan sarakunansu, aka ba da umarnin a tilasta Sifaniyanci.

Peru ta yi shelar 'yanci a 1821, amma ga mutanen kan tudu tsugune ba ta ƙare ba. Jikokin Sifaniyawa ne suka gaji mulki. Harajin da ake ɗora wa ɗan ƙasa don kawai shi ɗan ƙasa ne ya zauna har 1854, manyan gandaye kuma suka ci gaba da haɗiye gonakin ƙauyuka, iyalai na yi wa ubangida noma da aikin gida kyauta don a bar su su zauna a ƙasar kakanninsu. Sai a ranar 24 ga Yuni 1969 Janar Juan Velasco ya rushe gandayen, da kalmarsa da har yau tsofaffi ke maimaitawa: manomi, ubangida ba zai ƙara cin talaucinka ba. Wanda bai iya karatu ba, wato akasarin masu jin Kecuwa da Aimara, bai samu ikon jefa ƙuri'a ba sai da kundin tsarin mulkin 1979. Da yaƙin 'yan tawayen Sendero Luminoso da sojoji ya ɓarke, hukumar binciken gaskiya ta ƙiyasta a 2003 cewa mutum 69,280 ne suka mutu ko suka ɓace tsakanin 1980 da 2000, kuma uku cikin huɗu na waɗanda aka kashe harshen uwarsu Kecuwa ne ko wani harshen ƙasa. Jama'ar Lima da yawa ba su san adadin ya kai haka ba sai da rahoton ya fito. Mun ratsa Huliyaka da rana tsaka, garin ƙura da kekuna masu ƙafa uku, inda jami'an tsaro suka harbe fararen hula 18 ranar 9 ga Janairu 2023 lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan tsige Shugaba Pedro Castillo.

Wata masaniyar tattalin arziki, Melissa Dell, ta bi tsohuwar iyakar da Toledo ya shata, ta gwada ƙauyukan da ke cikin yankin ɗiba da maƙwabtansu da ke waje, masu tsayi ɗaya da ƙabila ɗaya. A binciken da ta wallafa a 2010 ta gano cewa abin da iyali ke ci da kashewa a cikin yankin ya gaza na waje da kimanin kashi 25 cikin 100, tsumburewar yara ta fi yawa, hanyoyin mota kuma sun fi ƙaranci. Shekara 200 bayan soke dokar, ana iya auna ta a tsayin yaro.

Na tsallaka Boliviya ta bakin tafkin Titikaka, na kwana a motar dare daga La Paz, gari ya waye mini a Potosi, mita 4,000. Dutsen na tsaye a kan garin, ja-ja, duk jikinsa ramuka da tarin tsakuwa. Sifaniyawa sun fara haƙarsa a 1545, kuma a farkon ƙarni na 17 garin ya kai mutum kusan 160,000, yana kafaɗa da kafaɗa da manyan biranen Turai. A tsohon gidan buga kuɗi na ga manyan injinan katako da alfadarai ke juyawa a ƙasan bene don a daddale azurfa. Riyal ɗin da aka buga a garin nan ya biya yaƙe-yaƙen Sifaniya a Turai, ya tsallaka teku har Sin. Wanda ya haƙo shi kuwa yakan shiga rami ranar Litinin ya fito ranar Asabar, yana hawa tsanin igiyar fata da kyandir ɗaure a yatsa da buhun dutse a baya. Na waje kuma na tattaka garin dutse da zaiba da ƙafa ba takalmi, har haƙora su zube jiki ya kama rawa.

Har yau ana haƙar dutsen, yanzu ƙungiyoyin haɗin gwiwar mahaƙa ne, suna neman tutiya da kuza da ragowar azurfa. A kasuwar mahaƙa ana sayar da nakiya a fili kusa da ganyen koka da barasa mai ƙarfi. Na sayi ganye da lemon kwalba don tsaraba, na sa hular kwano mai fitila na bi wani tsohon mahaƙi. Ramin na da tsayin mutum a baki, can ciki sai rarrafe, ƙura na shiga maƙogwaro kamar barkono, sanyin waje ya koma zafi. Duk sanda aka ji rugugi sai mu manne da bango, samari su wuce da gudu suna tura keken ƙarfe mai cike da dutse, kumatunsu a kumbure da ganye. A wani lungu akwai gunkin laka mai ƙaho da suke kira Tiyo, an lulluɓe shi da ganyen koka da taba, a wajensu shi ne mai mulkin ƙarƙashin ƙasa. Jagoran ya ce a waje su Kiristoci ne, amma gicciye a bakin rami yake tsayawa. Ya yi tari mai tsawo kafin ya ce cutar ƙurar dutse ce ta fitar da shi daga aikin, ita ce kuma ta kashe mahaifinsa.

A waje na tarar da mata zaune kan tarin tsakuwa da guduma suna farfasa abin da aka zubar ko za su samu mai ƙyalli, da yawansu matan mamatan rami ne. Ƙoƙon dutsen ya fara zaftarewa saboda an rarake cikinsa, har UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi da ke cikin haɗari a 2014. Jihar Potosi na cikin mafiya talauci a Boliviya. A 2010 mutanen garin suka rufe hanyoyi suka tsayar da komai kwana 19, a 2015 suka sake yi na kwana 27, har wasu suka taka zuwa La Paz da ƙafa. Abin da suke nema daga gwamnati shi ne asibitoci, da hanyoyi, da filin jirgin sama, da masana'antar siminti, da a tallafi dutsen kada ya rufta a kan waɗanda ke cikinsa.